Ranar da Yayana Ya Zo Babu Lema

A ƙauyenmu na bakin Tafkin Tai, in watan tsutsar siliki ya kama ba a shiga gidan kowa. Jar takarda ake liƙawa a ƙofa, magana ta ƙare. Ko ɗan aiken hakimi mai karɓar haraji, wanda bai san kunya ba, in ya ga takardar nan sai ya juya kwalekwalensa. Ba a suya, ba a daka, ba a ɗaga murya, ba a kuka. Wanda ya fito daga gidan gawa kuwa, ko inuwarsa ba a so ta faɗa kan faifan tsutsa. A cikin gida ma ba ma ce musu tsutsa, sai dai 'yan lele, don sun fi amaryar attajiri saurin fushi.

A shekarata ta biyu da aure a gidan Min, watan nan ya zo ya tarar da mahaifiyata a kwance.

Na je ganinta bayan bikin sharar kaburbura da kaɗan, kafin a rufe ƙofofi. Gidanmu na Fei yana can ƙetaren ruwa, tafiyar rabin yini a kwalekwale. Na same ta ta zama kamar kara, tari yana girgiza ta har gadon yana motsi, amma bakin nan nata yana nan yadda na san shi. Iya ta yi suna a kiwon tsutsa, har daga wasu ƙauyuka ake zuwa roƙon iri a wurinta. Ina shiga, ko gaisuwa ba ta bari na gama ba.

"Ke Fengdi, miƙo hannunki in gani."

Na miƙa. Ta juya shi gaba da baya kamar mai zaɓen kifi a kasuwa.

"Babu abin da ya sami hannun nan. Bara sanyi ne ya shiga ɗakin, ba ke ba ce."

Bara ɗin da take faɗi ita ce shekarar da aka kai ni gidan Min. Tsutsarsu ta yi fari ta sandare a kan faifai saura kaɗan ta fara saƙa. Surukata, wadda nake kira Inna, ba ta ce mini komai ba, sai dai ta wanke faya-fayen da farar ƙasa har sau biyu a gabana. Amma matan unguwa sun faɗa mata abin da ba ta faɗa ba, wai amaryar gidan Min ba ta da hannun siliki. Macen da sunan nan ya bi ta shekara biyu a jere, ta gama shiga ɗakin tsutsa har ta mutu, ko a gidan biki ba a son ta taɓa kayan amarya. Ga shi bana idon Inna ya yi rauni, dole ni ce zan riƙe ɗakin.

"Iya, in jikin ya ƙi fa?" na tambaye ta.

"Jikin wa? Nawa ko na 'yan lele?"

"Naki mana."

"Nawa ai ya daɗe da ƙi, ni ce dai ban ba shi sallama ba." Ta juya wajen yayana Rusong, wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. "Kai, matso nan ka ji da kunnenka, ita ma ta ji. Ko gobe na mutu, ban yarda ka kai lema a kife gidan Min ba sai sun cire jar takardarsu. Ka ji ni?"

A wurinmu mai kai labarin mutuwa ba ya buɗe baki. Lema yake ɗaukowa a rufe, ya je ya jingina ta a ƙofar gida a kife, kai ƙasa, mariƙi sama. Daga lokacin nan ne makoki ya hau kanki. In lemar ba ta taɓa ƙofarki ba, ko duk garin ya sani, ke ba mai makoki ba ce, hannunki da tsarkinsa.

Yaya Rusong ya ce ya ji. Ni kuwa na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Watan tsutsa watan ruwa ne da zafi, ba a ajiye gawa a buɗe, da wuri ake buga ƙusa a kan akwati. Kuma ni kaɗai ce 'yarta mace, ni ce ya kamata in ja audugar siliki in lulluɓe ta kafin a rufe. Ba mutuwarta kaɗai nake tsoro ba. Tsorona shi ne a buga ƙusar nan ban ga fuskarta ba.

Da ya raka ni bakin ruwa na riƙe hannun rigarsa.

"Yaya, duk ranar kasuwa ai ta gaban gidanmu kake wucewa. In tana nan da rai, ka buɗe lemarka in gani."

"Ko ana rana?"

"Ko rana na fasa dutse. Amma ka rantse da allon sunan marigayi Baba ba za ka buɗe mini ta a kan ƙarya ba."

Yayana mutum ne da ko yana yaro bai iya ƙarya ba, in ya saci kwai sai ya je ya tsaya kusa da kazar yana kuka. Ya rantse. A lokacin ban lura na ɗaure shi da igiya biyu ba, ɗaya a hannun Iya, ɗaya a hannuna.

Na koma, aka liƙa takarda, aka rufe ƙofa. Inna ta kunna turare a gaban gunkin Uwar Siliki, ta ɗauko takardar da ƙwayayen tsutsa ke manne a jiki, ta naɗe a tsumma mai laushi, ta cusa mini a ƙirji a ƙarƙashin riga don ɗumin jikina ya ƙyanƙyashe su.

"Kada ki yi gudu, kada ki kwanta rub da ciki, kada ki yi fushi," in ji ta. "Suna jin zuciyar mai ɗauke da su."

Na ce a raina, in dai suna jin zuciyata, to bana ma mun shiga uku.

Amma sun ƙyanƙyashe, baƙaƙe ƙanana kamar kiyashi. Na share su kan faifai da gashin dinya, na yanka musu ganyen bishiyar sang siriri-siriri, don shi kaɗai suke ci, kuma ba sa cin jiƙaƙƙe. Mijina Dakui yana ɗebo ganye daga gona, ni ina gogewa ɗaya bayan ɗaya ina shanyawa. Inna tana zaune a kan kujerarta kusa da kaskon wuta, ƙafafunta ɗaurarru ne tun tana ƙarama don kada su girma, ba ta cika tashi ba. Idonta ba ya gani sosai, amma kunnenta ko allura ta faɗi a soro sai ta ce wa ya yar da ita. Ina tsoronta, ba zan ɓoye ba. Ba ta taɓa zagina ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A ɗakin da nake yankan ganye akwai tsaga a jikin taga mai kallon rafi. Nan idona ya tare. Ranar kasuwar farko rana ce tarwai, sai ga Yaya Rusong yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan ya ɗaga tsohuwar lemarsa mai ruwan ƙasa kamar wani hakimi. Kwalekwalen sai karkacewa yake yi. Na ji numfashina ya dawo.

Da yamma Dakui ya shigo yana ƙunshe dariya a hannun riga.

"Yayanki lafiya kuwa? Mutanen bakin gada sun ce ko farar fata yake nema, zai je neman aure birni."

"Ka bar shi, kansa ne ba ya son rana," na ce.

Inna ta juyo da fuskarta wajena na ɗan lokaci, sannan ta ce a ƙara gawayi.

Daga nan ruwa ya sauko, irin mai yini yana yayyafi ba ya ɗaukewa. Sai ga duk namijin da ke garin da lema a hannu. Wannan shi ne azabata. Kowa ya ɓullo ta kan gada sai na duba yadda ya riƙe tasa. Mai sayar da waken suya, mai gyaran tukwane, malamin yara, duk na san lemominsu fiye da yadda matansu suka san su. Wata safiya na hango wani mutum a ƙetare, lema a rufe a hammata, yana tafiya a hankali yana duba ƙofofi. Ba yayana ba ne, amma ai ana iya aiko wani. Ya hau gada, ya sauko ɓangarenmu. Wuƙa ta zame ta yanke ni a yatsa ban ma ji ba. Ya zo daidai ƙofarmu ya tsaya, ya ɗaga kai ya dubi sama, ashe ruwan ne ya ɗan tsagaita ya rufe abarsa. Ya buɗe ta ya wuce. Ban san shi ba, amma na tsine masa a zuci shi da lemar.

"Jini nake ji," in ji Inna daga ɗakin tsutsa. "Ke 'yar gidan Fei, ganye kike yanka ko mutum? Zubar da wanda ya taɓa, ki ɗaure hannun. Tagar nan kuma ba za ta gudu ba."

Na zubar. Kunya da haushi suka cika ni, don na gane ta san inda idona yake.

'Yan lele suka yi barcinsu na farko suka sake fata, suka yi na biyu, suka yi na uku. Duk sanda suka ɗaga kai suka daina ci, sai in bi faifai-faifai ina neman wanda ya fara fari. Babu ko ɗaya. Duk ranar kasuwa kuma lemar tana wucewa a buɗe. Sai dai na lura tana ta yin ƙasa. Da farko yana ɗaga ta sama har yana kaɗa mini. Daga baya ya riƙa ɗora ta a kafaɗa. A kasuwar ƙarshe kafin abin ya faru, a buɗe take, amma ya rufe fuskarsa da ita har ya wuce. Labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuwa ya hana ni fuskar.

Na fara lissafin banza da zuciyata. In sun tashi daga barci na huɗu, za su yi babban ci, sai su hau karan shinkafa su saƙa ƙwansonsu, sai a cire takarda. Saura ƙiris. Iya mace ce mai taurin kai, za ta jira. Wadda ta taɓa hana ruwa shiga ɗakin tsutsarta da bayanta har gari ya waye, ai ba tari ne zai kayar da ita cikin 'yan kwanakin nan ba. Haka nake ta faɗa wa kaina.

Suka tashi daga barci na huɗu, manya kamar yatsa, farare tas masu sheƙi, irin farin lafiya. In aka zuba musu ganye, ƙarar cinsu kamar ruwan sama a kan rufi. Ranar kasuwa ta zo daidai lokacin, ruwa a waje, ruwa a ciki. Dakui ya tafi gona tun da farar safiya. Ni ina zuba ganye ina komawa taga, ina zuba ganye ina komawa taga. Kwalekwalen 'yan kasuwa suka wuce duka, babu nasa. Hantsi ya yi, babu shi.

Sai wajen tsakar rana na hango shi.

Yana tuƙi da hannu biyu. Ruwa na dukan goshinsa da aka aske, dogon kitson nan da mazanmu ke yi ya jiƙe ya manne a baya, rigarsa ta lafe a jiki. Babu kaya a kwalekwalen, babu lema a hannunsa, a buɗe ko a kife. Ya zo daidai gidanmu bai ɗago kai ba. Ya wuce har ƙarƙashin gada, ya ɗaure kwalekwalen a can, ya zauna ya haɗa kai da gwiwa.

Ba sai an faɗa mini ba. Ya rantse mini ba zai buɗe ta a kan ƙarya ba, ya yi wa Iya alkawari ba zai kawo ta a kife ba. Sai ya bar ta a gida ya taho haka nan.

Na koma ɗakin tsutsa da kwandon ganye, don lokacin cinsu ya yi. Na cusa bakin hannun rigata tsakanin haƙora na cije. Ba a kuka a ɗakin nan. Ina watsa ganye, 'yan lele suna ɗago kawunansu suna karɓa, ba ruwansu. Da na juya sai na ga kujerar Inna babu kowa. Tana ɗakin yankan ganye, ta dafa bango, ta kara fuskarta a tsagar tagar tana ƙanƙance ido.

"Wancan na ƙarƙashin gada yayanki ne?"

Na cire rigar daga bakina. "Shi ne, Inna."

"Ya manta lemarsa."

"E, Inna. Ya manta."

Ta koma kujerarta. Mu biyu muka zauna da abin a tsakaninmu kamar tukunyar da ke tafasa ba mai son ɗaga murfin. A bisa ƙa'ida babu abin da ya faru. Lema ba ta taɓa ƙofarmu ba, hannuna da tsarkinsa, zan iya ci gaba har a cire takarda, in fita da sunana a wanke. Abin da Iya ta so ke nan, kuma ta saya mini shi da abu mafi tsada da take da shi. Amma ni haushinta nake ji, haushi sosai. Wa ya ce mata na fi son sunana a kan fuskarta? Ta yanke hukunci ita kaɗai kamar yadda ta saba, ta tafi ta bar ni da tsutsa. A can gida kuma na san kafinta ya riga ya zo, yana jiran a ce masa lokacin aikinsa ya yi. In na fita da ƙafata ba a kawo lema ba, na karya maganar mamaciya, na kuma watsar da ɗakin a ranar da ya fi bukatata. Gaba kura, baya sayaki.

Dakui ya dawo da ganye, yana ɗiga.

"Na ga Rusong a ƙarƙashin gada kamar jiƙaƙƙen zakara. Na yi masa magana ya ƙi ɗago kai. Ko dai..."

"Rufe mana baki," in ji Inna. "Shanya ganyenka."

Ya dube ni, ya dubi uwarsa, ya sunkuyar da kai ya kama aiki. Na sake zagaya faya-fayen. Na sake leƙa tagar. Yana nan inda yake, bai tafi ba, bai zo ba. Rana ta fara karkata a bayan gajimare, na san in ya ƙara jimawa dole ya koma, don ɗa ba ya barin gawar uwarsa ta kwana babu shi.

Sai na ji kujerar Inna ta yi ƙara. Ta tashi, ta dafa bango har bayan ƙofa inda muke rataye lemarmu, ta ciro ta. Ta zare sakata. Dakui ya miƙe da sauri.

"Inna, takardar fa?"

"Ni na liƙa ta, na san tana nan."

Ta fita cikin ruwa ba ta buɗe lemar ba, da ita take dogarawa. Tun da na zo gidan ban taɓa ganin ta taka matattakalar dutsen da ke gangarawa rafi ba, ƙafafun nan nata ba su kai tsawon tafin hannuna ba, dutsen kuma ga santsi. Dakui ya bi ta zai riƙe ta, ta ture hannunsa. Na tsaya a bakin ƙofa daga ciki ina kallo. Ta bi gefen ruwa tana rangaji har gindin gada. Ban ji abin da ta ce masa ba. Na dai ga ya girgiza kai, ya sake girgizawa. Sai ta juya lemar, kai ƙasa, mariƙi sama, ta dangwara masa a hannu, ta nuna ƙofarmu.

Ya taho a bayanta kamar wanda za a kai wa alƙali. Ya jingina lemar a jikin ƙofa, daidai ƙarƙashin jar takarda. Bai dube ni ba.

"Fita waje," Inna ta ce mini a hankali. "Daga yanzu ba ki sake taka ɗakin can. Kuma ba a nan ba. Ki riƙe shi sai kun wuce gada."

Na fito na tsaya a ƙarƙashin rumfar ƙofa, na sake cije rigar. Mai kawo lema ba ya tafiya da baki a bushe, sai Dakui ya kawo masa dafaffen ƙwai a ruwan sukari. Yaya Rusong ya haɗiye shi da ƙyar a tsaye. Ana fasa kwanon da ya ci a ciki don kada mutuwa ta san hanyar dawowa, amma ga 'yan lele ba sa son ƙara. Inna ta naɗe kwanon a tsumma ta ba ɗanta, ya je can bakin ruwa ya danne shi da dutse har ya fashe ba a ji ba.

Ta shiga ciki, ta jima, ta fito da ƙunshi a naɗe cikin takardar mai. Na san ƙunshin. Audugar silikin da ta ajiye a ƙasan akwatinta ce don ranar tata tafiyar, daga shekarar da tsutsarta ta fi kyau.

"Inna, wannan ai taki ce."

"Ni ban shirya ba tukuna. Za ki yi mini wata."

"Iya ta ce kada a kawo lema sai..."

"Na san abin da ta ce, yanzu ya faɗa mini. Shi ta ɗaure, ba ni ba. Lemar kuma tawa ce." Ta goge ruwa daga fuskarta da bayan hannu. "Uwarki ta san tsutsa fiye da ni. Amma akwai abin da na sani ita ba ta sani ba. Ni ma tawa a watan nan ta tafi, sai da aka cire takarda aka faɗa mini. Siliki ya yi kyau a shekarar, kowa ya yaba. Yau ko za a kashe ni ban tuna me aka saya da shi ba."

Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba. Sai na kama hujjar da ta fi kusa.

"Idonki fa, Inna? Ga su a babban ci."

"Ina da kunne. In sun ƙoshi ina ji, in suna jin yunwa ina ji. Wannan ragon kuma yana da hannu biyu." Ta nuna Dakui da haɓa. "Kada ki dawo sai na aiko an cire takarda. In suka lalace, hannuna ne na ƙarshe da ya taɓa su, kuma haka zan faɗa wa duk mai tambaya. Wuce, rana na tafiya."

Abin da ya faru da tsutsar daga baya, kusan rabi suka saƙa, sauran suka ƙi hawa kara, Inna kuma ta bi matan unguwa ɗaya-ɗaya tana cewa idonta ne ya cuce ta. Amma wannan daga baya ne.

Na shiga kwalekwalen da ƙunshin a ƙirjina, a daidai inda na ɗauki ƙwayayen. Muka wuce ƙarƙashin gada. Na saki rigar daga bakina ina jiran kukan ya zo, sai ya ƙi. Na riƙe shi ya daɗe har ya manta hanya. Abin da ya rage mini tsoro ne kawai.

"Yaushe ne?" na tambaya.

"Jiya da asuba."

"Kafinta fa?"

"Yana gida tun safe. Kawu ya ce zafi ya yi yawa, kafin rana ta faɗi za a buga. Na ce su jira ni in je kasuwa in dawo." Ya ja majina. "Wace kasuwa, Fengdi? Ko kwando ban ɗauko ba."

"To yi tuƙi, Yaya. Bar magana."

Ya yi tuƙi kamar zai karya itacen tuƙin. Na ɗauki ƙoƙon kwalekwale ina kwashe ruwan da ke taruwa, don in sami abin yi da hannuna. Duk ƙarar da na ji daga nesa, ko mai gyaran jirgi ne yake bugun katako, sai in ji kamar a ƙirjina ake buga ƙusar. Hanyar da na sani tun ina yarinya ta ƙi ƙarewa.

Da muka iso haske ya fara ja. Farin ƙyalle na rataye a ƙofa. Ban jira ya ɗaure kwalekwalen ba, na yi tsalle na faɗa cikin laka har gwiwa, na ruga. A tsakar ɗaki akwatin yana kan benci biyu, an ɗora murfin an ja shi ya rufe har ƙirji. Kafinta na tsaye da guduma, ƙusoshi a bakinsa. Kawu, ƙanin Iya, ya juyo ya gan ni, ya buɗe baki.

"Ke kuma wa ya kai miki lema?"

"Ba ni na kai ba, Kawu," in ji Yaya Rusong daga bayana yana haki. Ya matso kusa da akwatin ya sunkuya. "Iya, kin ji, ban ɗauki lema daga gidan nan ba. Miƙo mini ita aka yi."

Kawu ya yi wa kafinta alama, aka janye murfin.

Ga ta nan. Ta ƙanƙance, amma ita ce, har da 'yar tamkewar bakin nan da take yi in tana shirin yi wa mutum gyara. Na kwance ƙunshin. Yaya ya kama gefe ɗaya na kama ɗaya, muka ja audugar a hankali tana buɗewa, fara, siririya, muka shimfiɗa daga ƙafafunta zuwa sama, muka sake jan wata muka ɗora. Da muka zo wuya na tsaya. Na san abin da za ta fara tambayata da ta buɗe ido, kuma na san ba za ta bari in gama gaisuwa ba. Na sunkuya daidai kunnenta.

"Sun tashi daga barci na huɗu, Iya. Suna ci sosai. Ko ɗaya bai sandare ba."

Sannan na ja audugar na rufe fuskar da hannuna, kukan kuma ya samo hanya.